Sau Uku Aka Danna Ja

Shekara tara Ja'afar yana auren yayata Hanne, shekara tara yana riƙe da siton Baba na Gafasa, kuma a iya sanina bai taɓa yi wa Baba maganar da ta wuce gaisuwa ba. Idan ya zo Gaya sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya gaida tabarma. Baba kuma ya amsa wa bango. Daga nan kowa ya tashi da sauri kamar an kama su da laifi.

Surukai ne, haka ake yi. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne yadda mutum biyu da ba sa haɗa ido suke sayen riɗi tare duk kaka.

Da na dawo daga karatu a Malesiya, Baba ya sa aka ajiye mini tebur a ofishinsa, wai don kada kuɗin jirgin su tafi a banza. Sana'arsa riɗi da zoɓo da wake: a saya a hannun manoma, a tara, a kai Kano. Sito uku ne, ɗaya a Gaya, ɗaya a Balan, ɗaya a Gafasa. A shekarar ne kamfanin da ke karɓar riɗinmu ya ce yana so ya san kowane buhu daga wane gari ya fito, yaushe, wa ya auna. Baba ya ce ya san duk wannan a kansa. Suka ce ba za su iya aika kansa ƙasar waje ba.

Sai na kawo manhaja, irin wadda masu sayar da ita ke kira ERP. Saye da sito da motoci da ma'aikata duk a wuri guda. Ba a ajiye komai a ofis. Komai yana kan na'urorin kamfanin da ya ƙirƙire ta, can wata ƙasa, tare da na dubban 'yan kasuwa irinmu. Mu biya haya duk wata, mu shiga ta waya.

Baba ya ce, "To idan suka gudu fa?"

Na ce, "Ba za su gudu ba."

"Haka aka ce mini a kan mai gadin Balan."

Amma ya yarda.

Manhajar ba ta fara aiki sai an gaya mata wa ke sama da wa. Na zauna na tsara. Baba a sama, masu riƙe da sito uku a ƙarƙashinsa, masu awo da direbobi a ƙasa. Duk wanda zai yi babban saye ya tura buƙata, ta faɗo a wayar Baba da maɓalli biyu, kore da ja. Na kuma saita ta yadda amsar za ta je wa kowa a siton, don kowa ya san halin da ake ciki. A lokacin na ji daɗin wannan dabara ƙwarai.

Suna ɗaya ne ya ƙi shiga ko'ina. Gwaggo Baiwa, yayar Baba, ta haura saba'in. Duk bayan kwana biyu tana hawa adaidaita zuwa Gafasa, ofis ke biya.

Na ce, "Baba, mene ne aikin Gwaggo?"

"Tana zuwa Gafasa."

"Ta yi me?"

"Ta dawo."

Na bar ta a waje. Na je har ɗakinta na gaya mata yanzu za ta huta, waya za ta riƙa yin zirga-zirgar. Ta dube ni, ta ce, "Madalla. Gwiwata ma ta gode."

Riɗi ya fara fitowa a farkon Oktoba. Ja'afar ya tura buƙatar buhu ɗari huɗu. Ina zaune wayar Baba ta yi ƙara. Ya nesanta ta da idonsa, ya karanta, ya ce, "Ɗari huɗu? A ɗakin wa za a zuba?" Ya danna ja, ya tashi ya tafi cin abinci. Ni kuwa na duba agogo. Daƙiƙa arba'in tsakanin tambaya da amsa. Da, kwana biyu ake yi. Na rubuta wannan a gefe don in nuna wa wasu 'yan kasuwa biyu da suka ce in zo in kafa musu irinta.

Washegari na tafi Gafasa koya wa Abdulmumin, mai awon siton, yadda zai riƙa shigar da nauyin buhu. Na tarar da Ja'afar bai cika fara'a ba. Na ce ya rage adadin ya sake turawa, ba wani abu ba ne. Da hannuna na taimaka masa ya rubuta ɗari uku. Manoma wajen takwas suna zaune a bakin sito da buhunansu, suna jira.

Ko minti ɗaya ba a yi ba waya huɗu suka yi ƙara tare: ta Ja'afar, tawa, ta direba, da ta Abdulmumin. Shi kuwa Abdulmumin yana tsakiyar darasi, ya ɗauka cikin darasin ne. Ya ɗaga wayar ya karanta a hankali da babbar murya, yana bin layin da yatsa.

"Alhaji Barau... ya ƙi... buƙatar Ja'afar."

Ya dube ni yana jiran yabo.

Manoman suka shiga duban buhunansu kamar yau suka fara ganinsu. Ja'afar ya sa wayar a aljihu, ya ce zai ɗan zagaya. Bai dawo ba har na tafi.

Kwana biyu bayan haka ya tura ɗari biyu. Ja. Daga nan Gafasa ta yi shiru. Kowace safiya ina buɗe manhajar in ga Gaya ta saya, Balan ta saya, Gafasa babu ko mudu. Na ɗauka matsalar sabis ce. Na ma kira kamfanin waya na yi musu faɗa.

A rana ta biyar Hanne ta zo Gaya da kular abinci. Ta gaida Baba, ta ajiye kular a gabansa, ta buɗe. Makullan sito ne a ciki, guda shida, a ɗaure da tsumma.

Ta ce, "Ya ce a gaishe ka. Ya ce ciwon baya ya matsa masa."

Baba ya ce, "Ashsha. A kai shi asibiti mana."

Hanne ta miƙe. Ta ja ni soro.

Ta ce, "Surayya, ke wace irin makaranta kika yi?"

"Me ya faru?"

"A gaban mutane aka karanta cewa surukinsa ya ƙi shi. Sau uku. Har matan unguwa suna tambayata ko lafiya muke da gida. Wani dillali ya riga ya zo masa sau biyu, yana so su haɗa hannu. Dillalin ya ba shi zuwa Juma'a ya yanke shawara."

"To ai sai a sa wani a siton."

Ta yi mini wani kallo. "Kin ɗauka manoman nan Baba suke sayar wa? Rabinsu ba su taɓa ganin Baba ba. Ja'afar ne ke zuwa sunan 'ya'yansu, shi ke zuwa jana'izarsu. Ranar da ya bar siton nan, ɗaki ne kawai da sikeli. Ni kuma in zauna a tsakiya, in je gidanmu in yi shiru, in koma gidana in yi shiru."

Ranar Talata ce.

Na koma wajen Baba na gaya masa ba ciwon baya ba ne. Ya yi mamaki na gaske.

"Ni na hana shi saye? Yaushe?"

"Sau uku, Baba. Ga shi nan da rana da lokaci."

"Ni ban ce kada ya saya ba. A'a kawai na ce."

Na jira ko akwai sauran bayani. Babu. Ya karɓi wayar ya duba layukan nan uku, ya miƙo mini.

"Goge su."

"Ba sa goguwa."

"Kira masu abin."

Na kira. Wata mata mai sanyin murya ta ce tarihin amincewa ba ya goguwa, kuma wannan na daga cikin abin da muke biya dominsa.

Baba ya ce, "Gaya mata ni ne mai kamfanin."

Na gaya mata. Ta ce musamman ma don masu kamfani aka yi shi haka.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Je ki ga Yaya."

Na tarar da Gwaggo Baiwa a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana yanka kuɓewa a faifai. Ta riga ta ji komai, har da kular abincin. Ban yi mamaki ba.

Ta ce, "Ya wayar? Ba ta gaji da hanya ba?"

Na zauna. Na ce ta gaya mini me take yi a Gafasa shekara tara.

Ta ce, "Barau tun yana goye, ko nono aka miƙa masa sai ya kau da kai tukuna. Bai taɓa cewa to a karon farko ba. Ranar da aka ce ga uwarku za a ba shi ma cewa ya yi a'a, bayan shi ya aika a nemo ta. Saboda haka idan Ja'afar ya ce ɗari huɗu, ni in zo in ce ɗari shida. Ya ce a'a. In bari ya ci abinci, in ce ɗari biyar. Ya ce a'a. Can da la'asar sai ya aiko a kira ni, ya ce ya yi tunani, a sayi ɗari huɗu, kada a wuce ko da ɗaya."

"Sai ki koma ki gaya wa Ja'afar."

"In ce Alhaji ya ce a sayi ɗari huɗu, ya ce Allah ya yi albarka."

"Yana cewa Allah ya yi albarka?"

"Da ya tuna da ya ce."

"Idan kuma da gaske bai yarda ba fa?"

"Sai in ce Alhaji ya ce shawararka ta yi kyau ƙwarai, shi ma abin da yake tunani ke nan, amma a dakata sati ɗaya." Ta share wuƙar a bakin faifai. "Ran da gwiwa ta matsa mini kuwa, tun a Gafasa nake ba shi amsa, in zo Gaya in nemo ta daga baya. Sau ɗaya kawai na taɓa kuskurewa, a kan wake."

Na ce to ta dawo bakin aikinta. Zan sa sunanta a manhajar, in saya mata waya.

Ta ce, "Wannan na gaba ne. Na baya fa? Ni abin da na faɗa da baki, gobe ina iya cewa ban faɗa ba, ko in ce tsufa ne. Naki a rubuce yake da suna da lokaci, a aljihun mutum huɗu. Barau ba zai je ya ba surukinsa haƙuri ba, ko ya so ba zai iya ba, bakinsa ba zai buɗe ba. Shi ma Ja'afar in aka ba shi haƙurin, kunyar ta fi ta farko."

"To me za a yi?"

"Ke kika danna."

"Ban gane ba."

"Wayar Barau a hannunki take wuni. Kin san lambar sirrinsa. Kowa ya san ba ya ganin ƙananan rubutu. Ke kika danna ja, kin ɗauka shi ne na amincewa."

"Sau uku?"

"Ai ba ki da kai."

Na ce mata sunan Baba ne a rubuce. Ta ce wayarsa ce, dole sunansa ya fito. Na ce ranar da aka danna na biyu ina Gafasa, ina zaune kusa da Ja'afar, gwiwata kusan tana taɓa kujerarsa, mutum goma sun gan ni.

Ta ce, "To? Ya tambaye ki inda kike? Yaron nan ba gaskiya yake nema ba, ya riga ya san ta. Hanyar komawa siton yake nema wadda ba sai ya sunkuyar da kai ba. Ke ƙanwar matarsa ce. Ke kina iya ce masa mummuna a tsakiyar kasuwa a yi dariya a watse. In ke kika ƙi shi, wasa ne. In Barau ne, magana ce."

Na tuna 'yan kasuwar nan biyu. Ɗaya ya riga ya sa mini ranar zuwa. Ba wanda zai miƙa harkarsa ga wadda ba ta iya bambanta ja da kore ba.

Na ce, "Gwaggo, dariya za a yi mini."

"Har ranar aurenki. A wajen kamu ma za a tuna."

Na nemi wata hanya a daren Talata da wunin Laraba. Na sake kiran matar nan mai sanyin murya, na tambaye ta ko za a iya canza sunan wanda ya danna. Ta ce wannan tambayar ma ta shigar da ita a tarihi.

Ranar Alhamis da safe muka hau adaidaita ni da Gwaggo, kular a cinyata. Ta ce ba don ni za ta ba, jikokinta za ta gani, kuma ofis ne zai biya. A hanya, inda sabis ya ɗan kama, na shiga manhajar na canza abu biyu. Buƙatun Gafasa su riƙa zuwa wayata. Amsa kuma ta je wa wanda ya tambaya shi kaɗai.

Mun tarar da siton a kulle. Ja'afar yana zaune a kan benci a gindin darbejiyar da ke tsallaken hanya, inda yake ganin ƙofar ba tare da a ce ita yake kallo ba. Abdulmumin na gefensa, da manoma biyar ko shida. Ciwon bayan bai hana shi miƙewa tsaye ya gaida Gwaggo ba.

Na so in ja shi gefe. Gwaggo ta taka mini ƙafa. A nan aka karanta, a nan za a warware.

Na ce, "Yaya Ja'afar, haƙuri na zo ba ka. Buƙatun nan uku, Baba bai ma gan su ba. Wayarsa tana hannuna. Ni na danna ja, na ɗauka shi ne na amincewa."

Wani manomi ya daina taunar goro.

Abdulmumin ya yi gyaran murya. "Amma ai ran nan kina nan tare da mu, har kika ce in..."

Gwaggo ta ce, "Abdulmumin, ana kiranka."

"Wa?"

"Je ka gani."

Ya tashi ya tafi yana waige.

Ja'afar ya dube ni. Ya san ƙarya nake, na san ya sani, manoman ma da suke wajen ranar sun sani. Ya ɗauki lokacinsa. Na ga yana auna abin, har na fara tunanin zai ce ya gode, amma ya riga ya ba dillalin kalma.

Sai ya ce, "Shekara nawa kika yi a can?"

"Huɗu."

"A jirgi aka kai ki?"

"A jirgi."

"Aka dawo da ke a jirgi."

"E."

Ya juya wajen manoman. "Jama'a, ku gani. Ɗan acaɓa da bai gama firamare ba, in ya je Kano ya san ja ya san kore."

Wani dattijo ya ce, "Wataƙila a can ja ne na tafiya."

Suka kwashe da dariya, irin ta mutanen da suka daɗe suna riƙe numfashi. Wani ya ce a auna idona a asibitin Gaya. Wani ya ce ba ido ba ne, karatu ne ya yi yawa ya danne sauran. Ja'afar ya ce shi dama tun ina ƙarama ya ga alama, ya gaya wa Hanne yarinyar nan ko gishiri aka aike ta sayowa da kanwa take dawowa. Wannan bai taɓa faruwa ba. Na ce haka ne.

Ya ce, "Ni fa har na fara zargin Alhaji. Allah ya yafe mini."

Gwaggo ta ce, "Amin. Shi kuwa kullum sai ya yi zancenka."

Na miƙa masa kular. Bai karɓa nan take ba. Ya ce akwai tara: yau ni zan riƙe bakin buhu har a tashi. Na ce na ji. Sannan ya buɗe kular, ya kwance tsumman, ya tsallaka hanya ya buɗe ƙofar siton.

Riɗin da ya rage a garin bai kai ɗari huɗu ba. Dillalai sun kwashe na farko, mai kyaun, farashi kuma ya hau. Ja'afar ya zagaya, ya yi 'yan kiraye-kiraye, ya ce za a iya haɗa ɗari biyu da sittin in an yi sauri. Kafin azahar labarina ya riga ni isa Gaya. Ɗan kasuwar da ya sa mini rana ya turo saƙo cewa tafiya ta kama shi, zai neme ni. Ɗayan bai ma turo ba.

Ina tsugune riƙe da bakin buhu, ƙurar riɗi ta cika mini hijabi, wayata ta yi ƙara. Buƙatar Ja'afar ce, ɗari biyu da sittin. Yana tsaye taku biyar daga inda nake, ya juya mini baya yana duba sikeli.

Na saki buhun da hannu ɗaya zan danna kore. Gwaggo, da ke zaune a kan wani buhun tana cin gyaɗa, ta riƙe mini hannu.

"Ba yanzu ba. Bari ya ga kamar an yi shawara."

"Baba fa? Bai ma sani ba."

"Barau zai amince da la'asar. Ni zan gaya masa abin da ya yanke."

Na jira aka auna buhu goma sha ɗaya. Sannan na danna.